Yadda Ake Fitar da Sautin Fiyanon Jaz na Zamanin Garmaho

Wanda duk ya taɓa zama ya saurari faifan Count Basie ko na Duke Ellington, makaɗan fiyano kuma jagororin ƙungiyoyin jaz na Amurka, na shekarun 1930 ya san fiyanon ciki yana da wata murya da ba a samu a na yau. Gajeren sauti ne, busasshe, ba shi da kauri sosai a ƙasa, ba shi da ƙyalli a sama. Daga can bayan masu busa yake fitowa, kamar kana tsakar gida wani yana magana a zaure, amma kuma sai ka ji ya ratsa begila da saksafon ya iso kunnenka tsaf.

Karon farko da aka nemi in haɗa irin wannan kiɗa, don wani gajeren fim ne da labarinsa ya faru a wancan zamani. Na buga shi a fiyanon kwamfuta mai faɗin sauti, na zuba masa ƙarar tsohon faifai, na miƙa. Mai aikin ya dawo mini da shi, ya ce ƙarar ce kawai tsohuwa, kiɗan sabo ne fil. Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini ciwo, don na yi kwana uku a kansa. Daga nan na koma na bi sawun sautin tun daga yatsun makaɗi har zuwa allurar garmaho, na gane cewa ƙarar faifai ita ce abu na ƙarshe kuma mafi ƙanƙanta a lamarin. Jerin da sautin ya bi a wancan lokaci shi za mu bi a nan: hannu, fiyano, ɗaki, makirfo, sannan faifai.

Mataki na farko: zaɓi shekararka

Tsohon sauti iri-iri ne. Kafin 1925 kusan babu makirfo a ɗakin ɗaukar faifai. Makaɗa kan taru a bakin wani ƙaton mazurari, iskar kiɗan ta girgiza wani ɗan fefe da ke ƙarshensa, fefen ya motsa allura, allurar ta yi zane a kan kakin da ke juyawa. Abin da wannan hanya ke iya kamawa bai wuce tsakanin haz 250 da wajen 2,500 ba. Haz shi ne awon yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya. Ƙaramar lamba kauri ce, babba kuma zaƙi. Fiyano ya fi kowa shan wahala a wannan tsari. Akan ɗora fiyanon tsaye a kan dandamali, a juya bayansa ga mazurarin, makaɗin ya yi ta duka da ƙarfi don a ji shi. Nemi faya-fayan ƙungiyar Fletcher Henderson na 1923 da 1924, za ka ji fiyanon yana ƙoƙarin leƙowa daga ƙarƙashin banjo.

A 1925 kamfanonin Victor da Columbia suka rungumi tsarin lantarki na Western Electric, makirfo ya shigo, ƙofar ta buɗe daga wajen haz 100 zuwa 5,000 da ɗan ɗoriya. A farkon shekarun 1930 kuma makirfon ribon na RCA, wanda ake kira 44, ya bazu a situdiyo da gidajen rediyo. Kiɗan kansa ya sauya a daidai wannan tsakani: jita ta maye gurbin banjo, babban bes mai tsirkiya ya maye gurbin tuba, rawar ta tashi daga bugu biyu ta koma huɗu.

Ni dai tsakanin 1932 da 1939 na fi so, kuma a kansa wannan bayani ya fi karkata, don a nan ne fiyano ya samu sararin numfashi alhali bai rabu da ƙurar zamaninsa ba. Ko wace shekara ka zaɓa, samo faifai guda ɗaya nata ka ajiye a layi na musamman cikin manhajar da kake aiki da ita, FL Studio ce, Cubase ce, Reaper ce ko Audacity. Wannan faifan shi ne ma'auninka har a gama. Idan Basie kake bi, "One O'Clock Jump" da ya ɗauka wa Decca a 1937 ya dace, don da fiyano da 'yan rakiyarsa yake buɗewa kafin masu busa su shigo, kana jin komai a sarari. Ka yi ƙoƙarin samun kwafi biyu, wanda aka wanke aka cire wa ƙara da wanda aka ɗauko daga faifan yadda yake. Na farkon zai nuna maka fiyanon, na biyun zai nuna maka faifan.

Mataki na biyu: gyara hannunka

Tun ran gini tun ran zane. Fiye da rabin aikin a nan yake, kuma babu filogi, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, da zai yi maka shi.

Fara da hagu. Salon da ya mamaye wancan zamani a unguwar Harlem ta Niyok ya girma, a hannun su James P. Johnson da Fats Waller, kuma Ellington da Basie duk a wannan rijiya suka sha. Hannun hagu yana tafiya ne kamar mai dogon taku: a bugu na ɗaya ya sauka can ƙasa ya taɓa maɓalli guda, a na biyu ya yi tsalle zuwa tsakiya ya danna kod, wato maɓallai da dama a lokaci guda, a na uku ya koma ƙasa, a na huɗu ya sake dawowa tsakiya. Gwada a C (haruffan A zuwa G sunayen maɓallan fiyano ne). Bugu na ɗaya, C ta ƙasa. Na biyu, E da G da A da C a kusa da tsakiyar fiyano. Na uku, G ta ƙasa. Na huɗu, kod ɗin nan dai. Yi shi a hankali ƙwarai, kamar bugu 70 a minti, har hannun ya daina neman taimakon ido. Na ƙasan ya ɗan yi nauyi, kod ɗin ya zama gajere kamar tafi. Idan hannunka ya kai, haɗa C ta ƙasa da E da ke sama da oktaf (tazarar daga C zuwa C ta gaba). Idan bai kai ba, mirgina su daga ƙaramin yatsa zuwa babba da sauri. Wannan mirginawar ma tana cikin ƙamshin zamanin.

Lura da A ɗin da na saka a kod. Ita ce sirrin launin. Makaɗan yau sun saba idan za su huta a C sai su ƙara B, ya ba da wani taushi irin na kiɗan soyayya. Mutanen 1930 a kan A suke hutawa, wato kod mai ta shida. Da zarar ka danna B ɗin nan ka tsaya a kanta, ka tsallake shekara ashirin gaba, ko da wace irin ƙara ka lulluɓe ta. Haka kuma ka bar tushen kod a hannunka, kada ka jefar da shi. Ka saba da wannan zagaye: C mai ta shida, sai C# matsattse wato C#, E, G da Bb, sai D ƙarami mai ta bakwai, sai G mai ta bakwai, ka koma gida. Juya shi a F, Bb, Eb, Ab da Db, domin a waɗannan makullai masu busa suka fi sakewa, a nan kuma aka fi rubuta musu.

Hannun dama yana da hanyoyi, sai ka zaɓi wanda za ka bi. Earl Hines, wanda ya riƙe ƙungiyarsa a Grand Terrace ta Shikago tun 1928, yakan buga waƙar da oktaf, babban yatsa da ƙarami tare, don ta huda ƙarar ƙungiya kamar begila. A ƙarshen dogon sauti sai ya karkaɗa yatsun biyu da sauri, ya kwaikwayi rawar muryar mai busa. Ellington dukan fiyano yake yi kamar ganga, yana son ƙasa-ƙasa, yana cusa maɓallai maƙwabta su yi ɗan rikici mai daɗi. Basie kuwa, da ya samu Walter Page a bes, Jo Jones a ganguna da Freddie Green a jita, sai ya sakar musu riƙon lokaci. Ya rage hagunsa sosai, ya koma jefa maɓalli biyu ko uku a can sama, sannan ya yi shiru. Shirun nan nasa ya fi wuyar koyo fiye da gudun yatsu. Idan kana da bes da jita a haɗinka, bi Basie: cire rabin abin da ka buga, ka sake saurare, ka ƙara cire wani.

Ɗage ƙafarka daga fedar da ke jan sauti. Yatsu ne ke riƙe tsawon sauti a wannan kiɗa, feda sai jefi-jefi. Duk inda sauti ya yi ta malala yana shiga na gabansa, zamanin ya gudu.

Kada ka bari manhaja ta daidaita maka bugu a kan layi. Rangajin jaz yana cikin rashin daidaiton maɓallai biyu da ke cikin bugu ɗaya, na farko dogo, na biyu gajere, kusan kashi biyu da kashi ɗaya a matsakaicin sauri, suna kuma kusantar juna idan kiɗa ya yi gudu. Hannu ne ya san wannan. Idan dole sai ka zana da linzamin kwamfuta, sa rangajin tsakanin kashi 60 da 66 cikin ɗari, sannan ka bi maɓallan ɗaya-ɗaya kana ɗan gusar da su, kana bambanta ƙarfin taɓinsu.

Sai kuma ka buga daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. A wancan lokaci kai tsaye ake yanka kiɗa a kan kaki, babu yanke nan a liƙa can. Gefe ɗaya na faifai mai inci 10 yana cin minti uku da 'yan daƙiƙu ne. Wanda ya yi babban kuskure, kowa ya koma farko da sabon kaki. Ƙaramin kuskure kuwa a bar shi ya shiga tarihi. Yi ɗauka uku ko huɗu, zaɓi wadda ta fi rai, ka bar mata ɗan tuntuɓenta.

Mataki na uku: fiyanon kansa

Akwai kuskuren da ya yaɗu: mutane na zaton tsohon fiyano shi ne wanda tsirkiyoyinsa suka saki yana karkarwa, irin muryar da aka rubuta wa Honky Tonk a fiyanon Yamaha PSR. Wannan na fina-finan kaboyi ne. Manyan kamfanonin faifai suna da fiyano masu kyau, kuma ana ɗaure musu tsirkiya. Kauce wa wannan murya. Kauce wa fiyanon nan mai laushi da aka sa wa ƙyalle tsakanin guduma da tsirkiya, wanda ake yayi yanzu a kiɗan fim. Kishiyar abin da muke nema ne.

Abin da kake so shi ne guduma mai ɗan tauri, wadda ulunta ya daddanne saboda yawan aiki, tana ba da "tak" a farkon kowane sauti. Idan Pianoteq kake da shi, ƙara taurin guduma, ka ɗan ja ma'aunin lafiyar fiyanon zuwa wajen tsufa kaɗan, ka rage tsawon jan sauti. Yawancin maɓallan tsakiya da sama tsirkiya uku-uku gare su, kuma a fiyanon da ake aiki da shi kullum ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari. Buɗe tsakaninsu da sent ɗaya zuwa biyu kawai. Tazarar maɓalli da maƙwabcinsa sent 100 ce, ka ga ke nan ɗan mitsitsi ake nufi. Idan fiyanonka ba shi da wannan saiti, kwafi layin, ka ɗaga kwafin da sent biyu ko uku, ka rage masa ƙarfi da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 ƙasa da na asali.

Mai fiyanon PSR ko Korg ya zaɓi muryar fiyano ta farko ko mai haske, ya kashe amsa-kuwwa da duk wani ado da kamfani ya ɗora mata. Ka fitar da ita tsirara. Wanda Allah ya hore wa fiyanon katako na gaske, tsaye ko kwance, ya riga kowa. A ɗaure shi, a bar shi ya kwana biyu ya zauna, a buɗe murfin.

Mataki na huɗu: ɗaki ɗaya, kunne ɗaya

Fiyanon kwamfuta ana ɗaukarsa ne da makirfo biyu ko fiye a cikin cikinsa, dab da tsirkiya, kauri a hagu, zaƙi a dama. Babu wanda ya ji fiyano haka a 1935. Makirfo ɗaya ne ko 'yan kaɗan ga ƙungiyar mutum goma sha uku ko sha huɗu, duka kuma a layi guda suke haɗuwa. Faifan sitiriyo sai 1958 ya shiga kasuwa. Ana daidaita ƙarfin kowa ne da tazara: masu begila can baya, masu saksafon kusa, mai solo ya tako gaba idan lokacinsa ya yi, ya koma idan ya gama.

Saboda haka mayar da fiyanonka mono, wato sauti guda babu hagu da dama. Kada ka haɗe hagu da dama kai tsaye ba tare da saurare ba, don wani lokaci suna cinye juna sautin ya zama rami. Idan haka ta faru, ɗauki gefe ɗaya ka watsar da ɗayan.

Yanzu sai tazara, kuma a nan ne dabarar da ta fi yi mini aiki take. Fitar da fiyanon ta lasifika ɗaya a cikin ɗaki, ka kafa makirfo guda nesa da ita da mita biyu zuwa uku, ka sake ɗauka. Iskar da ke tsakaninsu tana yin abin da filogin ke ta fama ya kwaikwaya. Ɗakin ya zama matsakaici, da darduma a ƙasa da labule a bango ɗaya ko biyu. Ɗaki mai tayil da siminti tsirara zai ba ka ƙarar banɗaki. Kada makirfon ya kalli lasifikar ido da ido, ɗan kautar da shi gefe. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Idan da janareta kake aiki, jira dare ya raba ko ka samu batir, domin gurnaninsa yana bi ta ƙasa ya hau ƙafar makirfo, kuma ba ya fita bayan an ɗauka. Ɗauki gwaji a mita ɗaya da rabi, a biyu, a uku, ka kwatanta da faifan ma'auninka. Galibi wanda ka ga kamar ya yi nisa da yawa shi ne daidai.

Makirfon ribon ya fi dacewa. Wani siririn zaren alminiyam ne ke rawa tsakanin maganaɗisu biyu, yana ji ta gaba da ta baya, ba ya ji ta gefe, kuma da kansa yake tausasa zaƙin sama. Kamfanin AEA yana ƙera sabon 44 har yau, akwai Coles 4038, akwai kuma masu araha da yawa. In ka samu na aro, kada ka hura masa iska, kada kuma ka kunna masa wutar bolt 48 sai ka tabbatar irin mai buƙatarta ne, don zaren yana iya tsinkewa. In babu, Shure SM57 ko SM58 da ke kowace situdiyo ya isa. Dama sama da ƙasan za mu yanke.

Wanda ba shi da halin sake ɗauka ya yi amfani da amsa-kuwwar ƙaramin ɗaki, mai tsawon daƙiƙa 0.4 zuwa 0.8, a mono, ba tare da jinkiri a gabanta ba. Situdiyoyin wancan zamani da yawa busassu ne, an lulluɓe su da labule. Akwai dai masu sarari, kamar tsohuwar cocin da Victor ta mayar situdiyo a Camden, inda ƙungiyar Bennie Moten ta birnin Kansas ta yi ɗaukarta ta Disamban 1932 da Basie a kan fiyano. Idan irin wannan kake so, kai tsawon zuwa daƙiƙa ɗaya da ɗan wani abu, amma ka rage yawanta.

Mai neman sautin kafin 1925 ya naɗe kwali mai kauri ko falle na kwano ya yi mazurari mai tsawon hannu, ya cusa makirfon a ƙaramin bakin, ya juya babban bakin ga lasifika. Hancin da sautin zai yi, na gaske ne.

Abu ɗaya da ba a sasantawa a kansa: idan akwai sauran kayan kiɗa, duk su bi ta wannan ɗaki da wannan makirfo tare da fiyanon. Haɗa su a layi guda, duk matakan da ke tafe a kan layin za a yi su. Kuma ka rage fiyanon ƙasa da yadda ranka ke so. Lokacin da masu busa ke aiki, ana jin motsinsa ne fiye da muryarsa. Yana fitowa fili ne idan sun yi shiru.

Mataki na biyar: yanke sama da ƙasa

Buɗe ikwalaiza, wato filogin rage ko ƙara kauri da zaƙin sauti. TDR Nova kyauta ce kuma ta wadatar, haka ma wadda ta zo da manhajarka. Ga inda nake farawa. Na kafin 1925, yanke duk abin da ke ƙasa da haz 250 da wanda ke sama da 2,800, ka ɗaga wani siririn tudu na desibel 5 ko 6 a wajen 1,200 zuwa 1,500. Na ƙarshen shekarun 1920, bar tsakanin 120 da 5,000. Na tsakiyar shekarun 1930 zuwa ƙarshensu, bar tsakanin 80 da 6,500. Yankan ƙasa ya gangara a hankali, desibel 12 a kowace oktaf. Na sama ya fi tsini, 18 ko 24.

Akwai dalilin da ya sa ƙasan ba shi da nauyi. Sauti mai kauri yana sa allurar yanka ta yi lilo mai faɗi, har ta iya faɗawa layin da ke kusa, don haka injiniyoyi ke rage shi da gangan daga wajen haz 250 zuwa 500 abin da ya yi ƙasa. Kowane kamfani da nasa ma'aunin, ba a samu na bai-ɗaya ba sai a 1954. Don haka bayan yankan, ƙara sauke ƙasa da 300 da desibel biyu ko uku, ka ɗan ɗaga tsakanin 1,500 da 3,000 da desibel biyu. A nan "tak" ɗin guduma yake zaune.

Lambobin nan mafari ne. Daidaita ƙarfin naka da na faifan ma'auni, ka riƙa sauyawa tsakaninsu kowace daƙiƙa biyar. Da farko naka zai yi maka kamar an toshe masa baki. Ba kunnenka minti goma kafin ka yanke hukunci.

Mataki na shida: ɗan ƙuna

Amfilifaya ta wancan zamani mai kwalba ce, kuma ita da allurar yanka sukan ɗan shaƙe idan ƙungiya ta taso gaba ɗaya. Sa filogin mai ɗumama sauti, irin IVGI na Klanghelm ko Saturation Knob na Softube, ka murɗa har ka fara jin kaushi a wuraren da aka doka da ƙarfi, sannan ka ɗan koma baya. Wuraren sanyi su zauna garau. Kada ka zaɓi mai kwaikwayon tef: tef bai shiga situdiyoyin Amurka ba sai wajen 1948, kuma laushinsa daban ne.

Kwamfuresa, wato filogin da ke danne wuraren da sauti ya yi ƙarfi, kaɗan za ka sa, desibel biyu ko uku a ƙololuwa. Injiniyan wancan lokaci da hannu yake murɗa ƙarfin sauti yana bin kiɗan, ya sauke kafin begila su fashe, ya ɗaga idan fiyano ya rage shi kaɗai. Yi haka da naka hannun, zai fi kama.

Mataki na bakwai: faifan

Sai yanzu muka iso ƙarar. Tambayi kanka tukuna: sabon faifai kake so, ko wanda allurar ƙarfe ta yi shekaru tana ci? Idan kiɗan zai zauna ƙarƙashin maganar 'yan wasa a fim, sabo ya fi. Idan kuwa za a nuna garmahon yana juyawa a cikin ɗaki, sai a tsufar da shi.

Faifan da shalak ake yinsa, wani danƙo da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da maƙwabtanta, a cakuɗa shi da garin dutse don ya jure allura. Garin nan ne ke ba da "shhh" mai yashi-yashi da ba ya yankewa. Ya bambanta da ƙas-ƙas ɗin faifan roba na baya-bayan nan mai juyi 33, wanda shiru ne da ɗan tsartuwa jefi-jefi. Mafi kyau shi ne ka yanko ƙarar daga farkon wani tsohon faifai na gaske, kafin kiɗa ya fara, ka jera ta da tsawo yadda ba za a gane maimaici ba. Ko ka yi amfani da iZotope Vinyl, wanda kyauta ne: sa shekara a 1930, juyi a 78, ka taɓa ƙura da gogewa kaɗan-kaɗan. Bar gurnanin lantarki a kashe. In ma za ka sa, tuna wutar Amurka haz 60 ce, tamu 50. Ƙarar ta zama mono, ka yanke samanta kusa da inda ka yanke na kiɗan, ka fara da ita a desibel 35 ƙasa da kiɗan kana ɗagawa har ta zauna a bayansa. Ta riga kiɗan shigowa da daƙiƙa biyu, ta kuma yi saura bayan ya ƙare.

Faifan yana juyi 78 a minti, wato zagaye ɗaya a daƙiƙa 0.77. Idan ramin tsakiya ya ɗan kauce, sautin yakan yi sama ya yi ƙasa sau ɗaya a kowane zagaye. Kwaikwayi wannan da lilon murya mai saurin haz 1.3, zurfinsa sent uku zuwa biyar. Yi hattara a nan ƙwarai. Mai busa da mawaƙi suna da rawar murya tasu da ke ɓoye lilon, fiyano kuwa sautinsa a miƙe yake, kome ƙanƙantar lilo sai ya tona shi. In ya wuce haka, an yi gyaran gangar Auzinawa. Idan kana son tabon karce, jera 'yan "tak" guda biyar ko shida, tazarar daƙiƙa 0.77 tsakaninsu, su shigo a hankali su ɓace. Sau ɗaya a waƙa ya isa.

Akwai wani ɗan abu da ba kowa ke lura da shi ba. Yayin da allura ke matsawa tsakiyar faifai, zagayen yana ƙanƙancewa, layin da ke wucewa ƙarƙashinta a daƙiƙa ɗaya ya ragu da fiye da rabi. Shi ya sa ƙarshen waƙa ya fi farkonta duhu da kaushi. Sa yankan samanka ya sauko a hankali daga 6,500 zuwa wajen 5,000 cikin minti ukun, ƙunar kuma ta ɗan ƙaru a rabin minti na ƙarshe, daidai inda ƙungiya ke tasowa da ƙarfinta duka.

Fitarwa

Fitar da aikin a WAV. Idan MP3 ake so, kada ingancinsa ya gaza kbps 320, domin matsi mai yawa yana mayar da "shhh" ɗin faifai wani ruwa-ruwa mai walainiya da ke fallasa kwamfuta nan take. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, kada ka kunna ka ɗauka da saƙon murya. Kada kuma ka bi shi da limita, filogin da ke danne ƙololuwar sauti, kana neman ƙarar waƙoƙin yau; bar masa sararin desibel uku a sama.

Gwajin ƙarshe da nake yi shi ne in yanko daƙiƙa ashirin daga faifan ma'auni, ashirin daga nawa, in jera su bi da bi sau uku, in kunna wa wanda bai san aikin ba ta lasifikar waya. Idan ya nuna nawa da sauri, nakan kashe ƙarar faifan da ikwalaiza duka in saurari fiyanon tsirara. Kusan kullum a nan nake tarar da laifin: ko ƙafata ta koma kan feda, ko B ta shigo inda A ya kamata ta zauna, ko hannun dama ya cika surutu. Sai in koma mataki na biyu in sake bugawa.